Daga Hasumiyar Gobarau Zuwa Tsakiyar Ruwan Zobe: Zaɓen Na'urar Intanet Don Jirgin Ruwa

Duk baƙon da ya shiga birnin Katsina, da wuya a bar shi ya koma gida ba a kai shi ya ga Hasumiyar Gobarau ba. Wannan gini na ƙasa, wanda tarihin baka ke danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsayinsa ya kai kimanin mita 15. Ban da kiran salla da karatun da aka san wurin da su, an ce a zamanin yaƙe-yaƙe akan sa masu tsaro su hau ƙololuwarsa don su hango ƙurar dawakin abokan gaba tun suna nesa. Mutanen da suka yi wannan dabara ba su san rediyo ba, balle intanet. Amma sun gane wata ƙa'ida wadda har yau injiniyoyin sadarwa ba su sami hanyar kauce mata ba, wato nisan abin da mutum zai hango ya dogara ne ga tsayin inda ya tsaya, fiye da kaifin idonsa.

Wannan ƙa'ida ita ce ke raba gardama a kan wata tambaya ta zamani: wace irin na'ura ya kamata mutum ya saya in yana son samun intanet a cikin jirgin ruwa, nesa da gaɓa? Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan Bakatsine da jirgin ruwa, alhali ko teku ba ta kusa da shi? To, Jihar Katsina ba ta da teku, amma tana da madatsun ruwa. Akwai Ajiwa da ke shayar da birnin, akwai Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, akwai ta Jibiya a kan kogin Gada, wanda in ya tsallaka iyaka ake kiransa Gulbin Maraɗi, ga kuma Sabke a ƙasar Daura da Mairuwa a ƙasar Funtuwa. A kan waɗannan ruwaye masunta suna wuni, masu fito suna ƙetarar da jama'a, ɗalibai da malaman jami'a kuma suna shiga kwale-kwale don ɗibar ruwa da auna kifi. In aka leƙa nesa kaɗan, za a tarar da Hausawa suna su da fito a Yawuri da tafkin Kainji da tafkin Chadi, inda mutum zai yi tafiyar sa'o'i bai ga tudu ba.

Abin da ke kai mutumin cikin jirgi ga neman sadarwa ya wuce kallon hotuna. Yana son sanin kuɗin kifi a kasuwa kafin ya sauke kamunsa, yana son a turo masa kuɗi ta waya, yana son jin hasashen yanayi kafin hadari ya haɗu. Mafi girma duka shi ne neman agaji. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Babu na'urar da za ta hana jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima nitsewa, kuma babu wadda za ta maye gurbin rigar ceto. Sai dai a irin wannan hali mintocin da ke tsakanin kifewa da isowar masu ceto su ne ke raba rai da ajali, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

Mutanen Katsina sun ɗanɗana zaman rashin sadarwa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Dutsin-Ma. Jama'a suka riƙa yin tattaki zuwa inda ake samun sabis don kawai su aika saƙo. Ko ba a irin wannan lokaci ba, kowane ɗan ƙauye ya san dutsen ko bishiyar da ake hawa in ana son waya ta kama. Shi ma, ba tare da ya sani ba, dabarar masu tsaron Gobarau yake yi.

Iyakar da Duniya ta gindaya

Saƙon waya da na intanet marar igiya yana tafiya ne a kan igiyoyin rediyo, waɗanda James Clerk Maxwell ya yi hasashensu da lissafi a shekarun 1860, sannan Heinrich Hertz ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a Jamus tsakanin 1887 da 1888. Gudunsu ɗaya ne da na haske, wato kilomita 300,000 a sakan guda. Abin da ya bambanta su shi ne yawan kaɗawarsu a sakan, wanda ake aunawa da megahaz ko gigahaz. Idan kaɗawa ta yi yawa sai zango ya gajarce. Igiyar waya mai megahaz 900 tsawon zangonta kusan santimita 33 ne, ta Wi-Fi mai gigahaz 2.4 santimita 12.5, ta gigahaz 5 kuwa santimita 6 kacal.

Masu sauraren rediyo sun san cewa tashoshin gajeren zango kan iso daga Ingila ko Jamus, domin igiyoyinsu suna dukan wani sashe na sararin sama su dawo ƙasa. Igiyoyin waya da na Wi-Fi ba su da wannan gata. Su kusan miƙe suke tafiya kamar haske, Duniya kuwa ƙwallo ce, saboda haka a wani nisa sai doron ƙasa ko na ruwa ya tare su. Ana iya lissafa wannan nisa cikin sauƙi. A nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriya a mita, sannan a ninka ta da 4.1, abin da ya fito shi ne nisan a kilomita. Alal misali, wayar da ke hannun masunci a zaune cikin kwale-kwale ba ta wuce mita 1 daga fuskar ruwa ba, don haka iyakarta kilomita 4.1. In aka ɗaga eriya mita 4, ta koma kilomita 8.2. Ƙololuwar Gobarau za ta ba da kusan kilomita 16, turken sadarwa mai mita 36 kuwa kusan kilomita 25. Nisan da eriya biyu za su iya ganin juna shi ne jimillar nasu biyun.

Shi ya sa a 2007 wani masani mai suna Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa suka iya haɗa Wi-Fi a tazarar kilomita 382 a ƙasar Benezuwela. Na'urorinsu ba na ban mamaki ba ne. Kan manyan duwatsu biyu suka hau, babu abin da ya shiga tsakani.

Amma wannan lissafi iyaka ce ta ƙarshe kawai. A zahiri saƙo yakan mutu tun kafin ya kai can, kuma a kan ruwa dalilin mutuwarsa abu ne da mutane da yawa ba su zata ba.

Ruwa madubi ne

A ido, babu wurin da ya fi sararin ruwa dacewa da rediyo: ba gini, ba bishiya, ba tudu. Matsalar ita ce ruwa yana yi wa igiyoyin rediyo abin da yake yi wa hasken rana da hantsi, wato yana mayar da su kamar madubi. Saboda haka saƙon da ya taso daga gaɓa yakan isa jirgi ta hanya biyu. Kashi ɗaya ya zo kai tsaye, ɗayan ya daki fuskar ruwa ya tashi, kuma wajen dukan nan sai ya juye, tudunsa ya koma kwari. Idan biyun suka haɗu a bakin eriya, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wurin su kashe juna. Wannan ne ya sa mai jirgi zai ga sabis ya cika, ya tuƙa gaba kaɗan ya ga ya ɓace, ya ƙara gaba ya ga ya dawo. A madatsun ruwa irin su Zobe, waɗannan wurare na mutuwar saƙo ba sa zama daram, domin da rani ruwa yana janyewa, tsayin eriyar gaɓa daga fuskar ruwa ya canza, su ma su gusa.

Kusa da gaɓa abin wasan ɓuya ne kawai. Da an yi nisa sai ya zama asara ta dindindin. A nesa hanyoyin biyu kusan tsawonsu ɗaya ne, don haka juyayyen saƙon yana cinye mafi yawan na kai tsaye. A sarari fetal, in nisa ya ninku biyu ƙarfin saƙo yana raguwa zuwa kashi 1 cikin 4. A kan kwantaccen ruwa kuwa, da zarar an wuce wani mizani, ninka nisa biyu yana rage ƙarfin zuwa kashi 1 cikin 16. Mizanin shi ma ana lissafa shi: a ninka tsayin eriya biyun da juna, a ninka da 4, a raba da tsawon zango. Ɗauki eriyar Wi-Fi a kan turke mai mita 9 a gaɓa, da waya a hannu mita 1 daga ruwa. Sau 4 na 9 shi ne 36, a raba da mita 0.125, ya ba da mita 288. Ke nan tun kafin a cika rabin kilomita saƙo ya fara zubewa da sauri. Amma in aka ɗaura eriyar jirgin a kan gwangwala mai mita 4, mizanin zai koma mita 1,152.

A nan ne amfanin tsayi yake fitowa fili. A can nesa, duk lokacin da aka ninka tsayin eriya ɗaya sau biyu, ƙarfin saƙon da ake karɓa yana ninkuwa sau 4. Daga mita 1 zuwa mita 4 ninki biyu ne sau biyu, wato sau 16. Ma'ana, gwangwalar da masunci ke tura jirginsa da ita tana iya yin aikin da sai na'ura mai ƙarfi ninki 16 za ta yi, ba ta shan batir, ba ta kuma buƙatar lasisi. Bugu da ƙari, tsayi yana taimakon saƙo mai zuwa da mai tafiya baki ɗaya, abin da ƙarin ƙarfin na'ura ba ya yi.

Wannan batu na ƙarshe yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan masu saye suka fi yin asarar kuɗi. Intanet zance ne tsakanin biyu. Turken kamfani yana da wuta da manyan eriyoyi, muryarsa tana kai wa nesa, amma wayar hannu a tsarin 4G ba ta fitar da fiye da kimanin kashi 1 cikin 5 na wat guda. Sandunan sabis da ake gani a fuskar waya suna nuna yadda wayar ke jin turke ne, ba sa nuna ko turken yana jin ta. Kamar mutum ne a tsakiyar ruwa yana jin lasifikar masallacin gari sarai, amma ko ya yi ihu har muryarsa ta dishe babu mai jin sa. Don haka kwalin da aka rubuta wa wat masu yawa da alkawarin kilomita kaza bai isa hujja ba.

Akwai kuma abin da ake kira yankin Fresnel, da sunan masanin nan Bafaranshe Augustin Fresnel, wanda shi ne ya ƙirƙiro gilashin fitilun da ke yi wa jiragen teku jagora. Igiyar rediyo ba siririn zare ba ce. Tana buƙatar fili mai siffar ƙwallon dabino, siriri a bakin eriya biyun, mai kauri a tsakiya. A tazarar kilomita 5, a gigahaz 2.4, kaurin ya kai mita 12.5 daga tsakiyar layi zuwa gefe. Tsibiri ko tudu ko jerin darbejiya da ya kutsa cikin wannan fili zai rage saƙo, ko da ido yana hango ɗaya eriyar.

Ta ina saƙon zai fito?

Kafin a yi maganar na'ura, sai an san inda za a ɗebo intanet ɗin. Wi-Fi ba intanet ba ne, bututu ne kawai, in babu rijiya a ɗaya bakin ba abin da zai zubo. Idan akwai ofishi ko sansanin bincike ko matsayar jirage a gaɓa mai intanet, ana iya kafa turke a can a harba Wi-Fi cikin ruwa. Wannan ya dace da jirgin da ke aiki a wuri ɗaya, cikin 'yan kilomitoci daga gaɓa. A irin wannan aiki gigahaz 2.4 ya fi jure nisa da ganye, gigahaz 5 ya fi sauri da ƙarancin cunkoso.

Ga mafi yawan masu jirage a madatsun Arewa, hanyar da ta fi sauƙi ita ce turakun kamfanonin waya, waɗanda suka bazu a ƙasar nan tun da aka fara GSM a watan Agusta na 2001. Abin da ake buƙata shi ne rauta mai ɗaukar sim, wadda aka yi don zaman waje, a ɗaura ta a sama, ita kuma ta rarraba Wi-Fi ga wayoyin cikin jirgi. Wajen zaɓenta a duba zangunan da take kamawa. Kamfanonin Nijeriya suna aiki a kan megahaz 700 da 800 da 900 da 1800 da 2100 da 2600, kuma ƙananan lambobin su ne masu cin nisa. A jikin kwali akan rubuta su da lambar rukuni: 28 na nufin 700, 20 na nufin 800, 8 na nufin 900. Rautar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana iya rasa waɗannan, ta zo nan ta zama kurma. Zancen 5G, wanda aka fara a Nijeriya a 2022 a kan gigahaz 3.5, ba shi ne abin nema a tsakiyar ruwa ba, domin zangonsa gajere ne, an kuma fi kafa shi a manyan birane.

Ya kamata a san cewa kamfani yana saita eriyoyin turkensa ne wajen gari da hanyar mota, inda masu saye suke, yana kuma sunkuyar da su ƙasa kaɗan. Ba don masunta aka kafa su ba. Shi ya sa turke na iya kasancewa kusa amma ya juya wa ruwa baya, wani na nesa kuma ya fi shi amfani. Maganin wannan shi ne gwaji: a shiga jirgi da layuka biyu ko uku a zagaya wuraren aiki kafin a sayi komai, sannan a nemi rauta mai ramin sim biyu. Masu aiki a Jibiya su ƙara lura da cewa waya na iya tsallakawa ta kama turken Jamhuriyar Nijar, kuɗin kira da na data su koma na baƙo.

Inda babu turke sam, kamar tsakiyar tafkin Chadi, sai a ɗaga kai sama. Taurarin ɗan'adam iri biyu ne a wannan fage. Akwai masu tsayawa a wuri ɗaya a nisan kilomita 35,786, irin su NigComSat-1R da aka harba a Disamba 2011, da na Thuraya da 'yan kasuwar Sahara suka daɗe da sani, da na Inmarsat, ƙungiyar da aka kafa a 1979 musamman don jiragen teku. Tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, tafiyar ta haura kilomita 143,000, kusan rabin sakan ke nan. Kaskon da ke kallon irin wannan tauraro dole ya tsaya cak, a jirgi kuwa sai da injin da ke juya shi yana biye da tangaɗin ruwa, abin da ya fi ƙarfin aljihun mai kwale-kwale. Wayar Thuraya ta hannu ba ta da wannan matsala, tana da kyau wajen kira da gajeren saƙo, amma intanet ɗinta tafiyar hawainiya yake yi. Iri na biyu su ne masu shawagi ƙasa-ƙasa, irin na Starlink da ke kimanin kilomita 550, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, karo na farko a Afirka. Farantinsa yana bin taurari ta hanyar lantarki. Sai dai yana buƙatar buɗaɗɗen sama, da kuɗin wata-wata, da tsarin biya na masu yawo maimakon na gida, kuma yana shan wuta.

Fitilar ƙwai da tocila

Eriya ba ta ƙara wa saƙo ƙarfi ko kaɗan, tattara shi take yi wuri ɗaya. Fitilar ƙwai tana haska ko'ina amma ba nisa, tocila tana kai wa nesa amma gefe ɗaya. Ana auna wannan tattarawa da lambar da ake rubutawa dBi, kuma kowane ƙarin 3 yana nufin ninki biyu. Eriyar talabijin mai haƙarƙari da ake gani a kan rufin gidaje, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926, tocila ce. Irinta da irin kasko sun dace da gaɓa, inda turke ba ya motsi, ko da yake a can ma an fi son mai faɗin baki wadda za ta rufe duk inda jirgi ke yawo. A cikin jirgi kuwa, wanda iska ke juyawa ko yana tsaye, ana buƙatar eriya mai kama ta kowane gefe, wato mai siffar sanda.

A nan akwai tarko. Mai saye zai ga sanda mai dBi 6 da mai dBi 15, ya ɗauka babbar lamba ta fi. A kan gini haka ne. Amma sandar tana samun babbar lamba ne ta hanyar matse saƙonta ya zama faifai, siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai digiri 10 ba. Da jirgi ya karkata, gefe ɗaya na faifan ya kalli sama, ɗayan ya nitse cikin ruwa, gaɓa ta fita daga saiti. Ƙaramin kwale-kwale kuwa mutum ɗaya ya gyara zama ya isa ya karkatar da shi haka. Sanda mai dBi 5 ko 6, wadda saƙonta ke da kauri, ita ta fi dacewa da ƙananan jirage. Matuƙan jiragen teku masu tafiya da iska sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke ɗora gajeriyar eriya a can saman turken jirgi.

Wani wurin yoyo shi ne wayar da ke haɗa eriya da na'ura. A gigahaz 2.4, siririyar wayar eriya irin ta kasuwa tana cinye kusan rabin saƙo a kowace mita 3 zuwa 4. Wanda ya ɗaga eriya mita 10 ya bar na'ura a ƙasa, ya zubar da mafi yawan ribarsa a hanya. Dabarar ita ce a ɗora na'urar kanta a sama manne da eriya, a sauko da wayar kwamfuta, wadda ke kai bayanai har mita 100 ba asara, kuma tana iya hawa da wutar da na'urar ke buƙata.

Rana, ƙura da batir

Lissafin wuta ba ya son son zuciya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da wutar da za ta kunna wat 1,200 na sa'a guda, amma in na ruwa ne irin na darma, rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri. Saura 600. Rauta mai cin wat 10 za ta yi sa'a 60 a kai. Babban farantin Starlink mai cin wat 75 zuwa 100 zai shanye shi cikin sa'a 6 zuwa 8, ƙaramin samfurinsa mai cin wajen wat 30 zai kai sa'a 20. Allon sola yana taimakawa, muddin ana goge masa ƙurar hunturu.

Na'urar da za ta zauna a jirgi a nemi wadda aka rubuta wa IP67. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 7 tana nufin za ta jure nitsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. A duba kuma iyakar zafin da take ɗauka, tun da a watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40 a inuwa, baƙin akwati a rana kuwa ya fi haka nesa. Ruwan sama ba ya cutar da Wi-Fi da layin waya sosai, amma yana dushe saƙon tauraron ɗan'adam da ke sama da gigahaz 10, kamar yadda masu kallon tashoshin kasko suka saba gani a watan Agusta, wato daidai lokacin da aka fi buƙatar neman agaji. Kuma doguwar sanda a tsakiyar ruwa ita ce abu mafi tsayi a wurin, don haka tilas a yi ta yadda za a iya kwantar da ita da zarar hadari ya taso, saboda tsawa.

Ta fuskar doka, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ita ke tantance na'urorin da aka yarda a yi amfani da su, kuma ta yi gargaɗi a kan na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake kafawa ba izini. Waɗannan sukan ƙara ƙarfin hayaniya tare da saƙo, su toshe wa turke kunne, maƙwabta su rasa sabis. Rauta mai sim da eriya a sama ba ta da wannan illa. A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, hikima ce ƙungiyar masunta ta sanar da hukuma kafin ta fara yawo da wayar tauraro ko rediyon oba-oba.

Shi rediyon oba-oba na jiragen ruwa ya cancanci a ambace shi, ko da yake ba intanet ba ne. A tekunan duniya an keɓe tasha ta 16, a kan megahaz 156.8, don kiran gaggawa. Ba ya buƙatar sim ko kati ko turken kamfani, kuma kira ɗaya duk jiragen da ke kusa za su ji. Sharaɗinsa shi ne a sami mai saurare. A daren da jirgin Titanic ya nitse a watan Afrilu na 1912, jirgin Carpathia ya ji kiran ya zo ya tsamo mutum kusan 700, amma wani jirgin da ya fi kusa, Californian, mai kula da rediyonsa ya riga ya kwanta barci. Bayan wannan ne aka tsananta dokar sauraren rediyo dare da rana a manyan jirage. Matsayar jirage a Zobe ko Jibiya da ta raba wa matuƙanta rediyo, sai ta kuma ajiye mutum a gaɓa da nasa a kunne, da jirgi mai inji a shirye.

Gwaji don ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibansa duk wannan da waya biyu da gwangwala ɗaya, ko a filin ƙwallon makaranta, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ma tana mayar da igiyar rediyo, ko da yake ba kamar ruwa ba. A kunna rarraba Wi-Fi a waya ta farko a ajiye ta kan kujera. A sa wa ta biyu manhajar auna ƙarfin Wi-Fi, wadda ke nuna lamba mai alamar ragi a gaba: -50 saƙo ne mai ƙarfi, -85 ya kusa mutuwa, kuma kowane bambancin 3 rabi ne ko ninki. Ɗalibi ya riƙa ja da baya yana rubuta lambar a kowace mita 10 har saƙo ya yanke. Daga nan a ɗaure wayar farko a kan gwangwala, a ɗaga ta mita 2, a sake awon, sannan mita 4. A zana sakamakon uku a takardar jadawali ɗaya, nisa a kwance, ƙarfi a tsaye. Mai awon ya kula kada ya juya wa gwangwalar baya, domin jikin mutum akasarinsa ruwa ne, kuma shi kaɗai yana iya rage lambar da maki da yawa. Makarantar da ke kusa da Ajiwa ko Zobe tana iya maimaita gwajin a bakin ruwa, daga wannan gefen lungu zuwa wancan, sau ɗaya da sassafe ruwa na kwance, sau ɗaya kuma da la'asar in iska ta tayar da igiya, a kwatanta lambobin.